Kamun Kai: Ƙarfin Zuciya Ne Ko Iya Tsara Rayuwa?

Duk shekara, da zarar an sauko daga Idin ƙaramar Sallah, tambaya ɗaya takan dawo bakin malamai a kan mumbari da bakin iyaye a cikin gida: yaya aka yi mutumin da ya kame bakinsa daga ci da sha na tsawon sa'o'i 13 zuwa 14 a kullum, wata guda cur, cikin zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, yake kasa ajiye wayarsa na rabin sa'a domin ya yi karatu, ko ya kasa riƙe albashinsa ya kai tsakiyar wata? Amsar da aka fi ji ita ce mutane, musamman matasa, ba su da kamun kai. Masu laccar zaburarwa a Facebook da TikTok sun ƙara wa maganar gishiri, har wasu na cewa duk wanda ka gani cikin talauci, rashin horar da kansa ne ya jefa shi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu ganin cewa wannan magana dabara ce kawai ta ɗora wa talaka laifin abin da shugabanni suka ɓata, tun ba ma bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da tsadar rayuwar da ta biyo baya ba.

Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma dukansu suna kallon kamun kai a matsayin cijewa da daurewa kaɗai, wani ƙarfi na zuciya da mutum ko dai yana da shi ko ba shi da shi. Abin da addini ya karantar, da abin da binciken masana halayyar ɗan Adam ya gano cikin shekaru 50 da suka wuce, da ma dabarun da iyayenmu suka daɗe suna aiki da su a kasuwa da gona, duk sun fi karkata ga cewa abu ne da ake koya, kuma mafi yawansa shiri ne da ake yi tun kafin jarabar ta zo.

Me ake nufi da kamun kai?

Kamun kai shi ne mutum ya iya fifita abin da ya san zai amfane shi nan gaba a kan abin da ransa ke so yanzu-yanzu, ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. Yana da fuska biyu. Akwai ta hani, wato mutum ya danne fushi, ya bar abin da likita ya hana shi ci, ya riƙe harshensa. Akwai kuma ta aiki, wadda ba a cika ambatonta ba alhali ita ce ta fi wuya, wato mutum ya tashi ya yi abin da ya wajaba a kansa ranar da ba ya jin yi. Telan da ya san hannunsa ba zai wuce ɗinki 40 kafin Sallah ba, ya kuma mayar da yadi na 41 duk da kuɗin da aka miƙo masa, ya yi aiki da fuska ta farko. Idan ya buɗe shago kowace safiya tun daga farkon azumi, bai bari ɗinkin ya taru masa zuwa goman ƙarshe ba, ya yi aiki da ta biyu.

Ya kamata a raba wannan hali da wasu halaye biyu da ake yawan gwama su da shi. Na farko kunya ce. Kunya ado ce, kuma tana hana ɓarna mai yawa, amma irin kunyar da muka fi sabawa da ita tana dogara ne da idon mutane. Saurayin da ba ya ɗaga murya a gaban surukansa, amma ya koma gida ya zazzage wa ƙannensa zagi, yana da kunya ba shi da kamun kai. Na biyu shi ne haƙuri. Malamai sun kasa shi gida uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan abin da aka ƙaddara. Biyun farko su ne ainihin abin da muke magana a kai. Inda matsala take shi ne yadda a wasu gidaje da wuraren aiki aka mayar da “yi haƙuri” ta zama umarnin a haɗiye zalunci a yi shiru. Matar da ake duka ko ma'aikacin da aka danne wa haƙƙi, shirunsu ba shi ne kamun kai ba. Sau da yawa ma kamun kan shi ne mutum ya kai ƙara inda ya dace, ya faɗi gaskiyarsa cikin natsuwa, ya bi maganar har ƙarshe.

Alƙur'ani ya siffanta ran ɗan Adam da cewa mai yawan umarni da mummuna ne, a Suratu Yusuf, ya ambaci rai mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da rai mai natsuwa a Suratul Fajr, sannan a Suratun Nazi'at ya yi alkawarin Aljanna ga wanda ya ji tsoron tsayuwa gaban Ubangijinsa ya hana ransa bin son zuciya. Daga nan ne malaman tarbiyya irin su Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, suka fahimci cewa hali yana sauyawa ta hanyar horo a hankali, domin da ba ya sauyawa da wa'azi da nasiha ba su da amfani. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kuma, Manzon Allah (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi.

Horon bulala bai cika zama hali ba

Najeriya ta taɓa gwada dasa ɗa'a da ƙarfin hukuma. A watan Maris na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari da mataimakinsa Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da shirin yaƙi da rashin ɗa'a. Sojoji riƙe da bulala suna tsayawa a tashoshin mota domin tilasta bin layi, ana sa ma'aikatan da suka makara tsallen kwaɗo a bainar jama'a, aka kuma ware ranar share gari. Waɗanda suka ga zamanin suna shaida cewa layi ya miƙe, ofisoshi sun cika da wuri. An kifar da gwamnatin a watan Agustan 1985, kuma ba a daɗe ba aka koma turereniya a tasha. A Kano ma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shirin A Daidaita Sahu, wanda ya fi dogara da faɗakarwa fiye da duka, amma shi ma ƙarfinsa ya ragu bayan gwamnatin ta sauka.

Ba ana nufin doka ba ta da amfani ba ne, domin babu al'ummar da za ta zauna lafiya ba tare da hukunci ba. Abin lura shi ne ɗa'ar da tsoro ya haifar takan tafi tare da mai bulalar. Irin wannan muke gani a gidaje da makarantu. Yaron da aka tashe shi da dorina tun yana ƙarami, ba a taɓa gaya masa dalilin abin da ake sa shi ba, ba a kuma taɓa ba shi damar ya zaɓa ya ga sakamakon zaɓinsa ba, yakan fito lumui a gaban mahaifinsa. Ranar da ya samu gurbi a jami'a a Zariya ko Yamai, ya zama babu mai tashinsa da asuba, babu mai tambayarsa inda ya kwana, sai iyaye su sha mamakin yadda ya watse cikin zango ɗaya. Sukan ce abokai ne suka lalata shi. Abokai suna da nasu laifin, amma yaron bai taɓa koyon riƙe kansa ba, wasu ne suka riƙe shi shekara 18.

Gwajin alewa da abin da aka tsallake a cikinsa

Masu cewa kamun kai ne sirrin nasara sukan kafa hujja da wani shahararren gwaji. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Walter Mischel ya yi gwaji a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka. Ana shigar da yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ɗaki, a ajiye alewa ɗaya a gabansa, a ce masa in ya so ya ci yanzu, amma in ya jira har babban ya dawo zai samu biyu. Sai a fita a bar shi shi kaɗai na kimanin minti 15. Bayan shekaru an bibiyi wasu daga cikin yaran, kuma a 1990 aka fitar da rahoton cewa waɗanda suka fi jira sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a. Labarin ya zagaya duniya a matsayin shaidar cewa tun daga shekara huɗu ake gane wanda zai yi nasara.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda yaran da suka jira suka yi jiran. Ba zama suka yi suka zuba wa alewar ido suna kokawa da ransu ba. Wasu sun rufe idanunsu da tafin hannu, wasu sun juya mata baya, wasu sun kama waƙa ko wasa da yatsun ƙafa. Da aka ɓoye alewar daga ganin yaran, jiransu ya ƙaru sosai. Shi kansa Mischel ya yi ta nanata cewa abin da ya gano dabara ce da ake iya koya wa yaro.

A 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Rochester, ƙarƙashin jagorancin Celeste Kidd, suka ƙara wani abu a gwajin. Kafin a kawo alewa, an yi wa yara 28 alkawarin kawo musu sababbin kayan zane. Rabinsu an cika musu alkawarin, rabi kuma aka dawo aka ba su haƙuri cewa babu. Da aka zo kan alewa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti uku kacal. Yaron da ya ci alewarsa nan take a rukuni na biyu bai yi wauta ba, lissafi ya yi, tunda ya riga ya ga cewa maganar wannan babban ba abin dogaro ba ce.

Wannan sakamako ya kamata ya tsaya wa kowane uba da kowace uwa a rai. Yaro ya yi yawon Sallah, ya tara 'yan kuɗinsa daga gidan kawu da gwaggo, ya dawo yana ƙirgawa. Uwa ta ce kawo in ajiye maka. Bayan mako biyu ya tambaya, a ce an sayi omo da su, ko a daka masa tsawa cewa abincin da yake ci da kuɗin wa aka saya. Shekara mai zuwa, kafin ya iso gida ya kashe komai a wurin mai balan-balan da mai askirim. Haka uban da ya ce in ka zo na ɗaya zan saya maka keke, yaro ya zo na ɗaya, maganar keke ta bi ruwa. Irin waɗannan ƙananan saɓa alkawari suna koya wa yaro cewa jira asara ne, sannan mu dawo muna kukan ba ya iya tattali.

A 2018 Tyler Watts da abokan aikinsa sun sake duba batun da yara fiye da 900 daga gidaje mabambanta, ba 'ya'yan malaman jami'a kaɗai ba. Sun samu alaƙa tsakanin jira da ƙoƙari a makaranta, amma ba ta kai yadda aka zata ba, kuma ta ragu ƙwarai da aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito da ilimin iyayensa. An kuma kai gwajin nahiyarmu. A wani bincike da aka fitar a 2017, Bettina Lamm ta gwada 'ya'yan manoman ƙabilar Nso da ke arewa maso yammacin Kamaru, inda aka ajiye musu fanke, ta kwatanta su da yaran Jamus. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira minti goman da aka ɗiba, a Jamus kuwa ƙasa da kashi 30 ne suka jira, har wasu daga yaran Kamarun barci ya ɗauke su a zaune. Masu binciken sun danganta hakan da tarbiyyar da ke fifita biyayya da danne motsin rai, wadda ba ta da nisa da tamu. Wannan abin alfahari ne, amma yana barin tambayar da muka taɓo a baya: yaron da ya jira saboda babba ya ce ya jira, zai jira ranar da babu babban?

Masu kamun kai ba kullum suke kokawa ba

Wani bincike da Wilhelm Hofmann ya jagoranta a garin Würzburg na Jamus, wanda aka buga a 2012, ya bi mutum 205 na tsawon mako guda, ana tuntuɓarsu sau bakwai a rana ana tambayarsu ko akwai abin da ransu ke so a wannan lokaci, da ko suna ƙoƙarin hana kansu. Da an zaci waɗanda aka sani da kamun kai su ne za su fi yawan faɗa da son zuciya. Sai aka ga akasin haka, domin su ne suka fi ƙarancin haɗuwa da jarabar tun farko. Sun tsara rayuwarsu ta yadda ba sa bi ta inda za a ja su.

Musulmi bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Alƙur'ani cewa ya yi kada ku kusanci zina, bai tsaya ga hana aikata ta kaɗai ba. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir an kwatanta mai kutsawa cikin shubuha da makiyayin da ke kiwo a gefen makiyayar da aka killace, wanda ya yi kusa dabbobinsa su faɗa ciki. A wani hadisin da Abu Dawud ya ruwaito an umarci mai fushi da ya zauna in yana tsaye, in fushin bai tafi ba ya kishingiɗa. Duk waɗannan umarni ne na sauya wuri da yanayi, domin an san zuciya ba ta da tabbas idan aka bar ta gaba da gaba da abin da take so.

Da wannan za a iya fahimtar abin da ke faruwa a watan azumi. Babu shakka akwai tsoron Allah na gaskiya a ciki, tunda mai azumi yana iya shiga ɗaki ya kurɓi ruwa babu wanda ya gani, amma ba ya yi. Sai dai akwai wasu ginshiƙai da ke tallafa wa wannan imani. An yanke hukunci tun da dare da aka ɗaura niyya, don haka ba a wayi gari ana shawara da zuciya ko a yi ko a bari ba. Iyakar a fili take, daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, babu “ɗan kaɗan”. Kowa a gida da unguwa yana yi, masu abinci da yawa sun rufe, kuma an san daidai lokacin da za a sha ruwa. Bayan Sallah duk waɗannan ginshiƙai sukan tafi lokaci guda. Wanda ya ce “zan rage danna waya” bai sa iyaka ba, bai sa lokaci ba, babu abokin tafiya, wayar kuma tana aljihunsa. Wanda ya ce “daga sallar Isha'i wayata tana wurin caji a falo har sai na idar da Asuba” ya aro tsarin azumi ya ɗora a kan wata buƙata.

Adashi ma haka yake. Mai ƙosan da ke zubi kullum da yamma ba riba take nema ba, domin abin da ta zuba shi za ta kwasa, wani lokaci ma har da ɗan abin da za ta ba uwar adashi. Ta san cewa in kuɗin ya kwana a ƙullin zanenta, gobe akwai anko, jibi akwai suna, gata ƙaninta zai zo da tasa matsalar, kuma ba za ta iya cewa babu ba alhali akwai. Da ta miƙa wa uwar adashi, ta samu amsar da ba ƙarya a cikinta: na zuba. Asusun ƙasa da sai an fasa shi, da tunkiyar da ake saya a ɗaure bayan kaka, duk dabara ɗaya ce ta nisanta kuɗi daga hannu. Masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, tare da Jonathan Robinson, sun gwada irin wannan a yammacin Kenya. Manoma da yawa suna cewa za su sa taki, amma lokacin shuka sai kuɗi ya ƙare. Da aka ba su damar biyan kuɗin takin nan da nan bayan girbi, lokacin da akwai kuɗi a hannu, a kawo musu shi kyauta har gida, masu sa taki sun ƙaru sosai. Manomin bai sauya hali ba, lokacin yanke shawara aka sauya masa.

Kwana nawa hali ke ɗauka kafin ya zauna?

An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 sun isa a kafa sabon hali. Binciken da Phillippa Lally ta yi a Landan da mutum 96, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa matsakaicin lokacin da sabon aiki ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, kuma ya kama daga kwana 18 har zuwa 254, gwargwadon mutum da nauyin aikin. Ya kuma nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Ke nan kwana 29 ko 30 na Ramadan mafari ne mai kyau, amma ga yawancin mutane ba su isa su kafa hali su kaɗai ba, kuma a nan ake ganin hikimar Sittu Shawwal da azumin Litinin da Alhamis. Hadisin Nana A'isha ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ɗalibin da ya ɗaukar wa kansa shafi biyu kullum bayan Asuba ya fi kusa da sauke littafi fiye da wanda ya rantse zai kwana karatu sa'a shida, ya yi kwana uku ya gaji, ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mai ƙwazo ba ne.

Shin rashin kamun kai ne ke jawo talauci?

A nan ne muhawarar ta fi zafi. Masu cewa hali yana da tasiri suna da hujja mai ƙarfi. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi yara kusan 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973 har suka kai shekara 32. Rahoton 2011 ya nuna cewa waɗanda suka fi ƙarancin kamun kai a yarinta sun fi fama da rashin lafiya da matsalar kuɗi, kuma kashi 43 cikin 100 nasu kotu ta taɓa kama su da laifi, alhali a rukunin da ya fi kamun kai kashi 13 ne. Bambancin bai ɓace ba ko da aka yi la'akari da kaifin ƙwaƙwalwa da arzikin iyaye. Duk wanda ya zauna a kasuwar Kwari ko Singa ya san yara biyu da ubangida ɗaya ya sallama da jari iri ɗaya, ɗaya ya kafu, ɗaya ya cinye uwar kuɗin.

Amma tasirin yana tafiya ta ɗaya hanyar ma. A wani bincike da aka buga a 2013, an gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da bashi ya yi musu katutu, da bayan girbi lokacin da kuɗi ya shigo. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan girbi. Damuwar abin da za a ci gobe tana cinye wani kaso na hankalin da mutum zai yi tsari da shi. Magidancin da hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 34 cikin 100 a Najeriya a ƙarshen 2024, ta cinye masa albashi, ba almubazzaranci ne ya hana shi ajiya ba. Manomin da ya sayar da masararsa da arha a kaka saboda bashin taki da maganin yaro, ya dawo yana sayenta da tsada a tsakiyar damina, ya san asarar da yake yi sarai. Zalunci ne a tsaya a kan irin waɗannan mutane ana yi musu laccar tattali.

Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a ce kamun kai yana bambanta mutum biyu da ke cikin hali ɗaya, amma ba ya samar da wutar lantarki ko aikin yi ko tsaro a hanyar gona. Haka kuma shugaban da ke kiran talakawa su ɗaure ciki, shi ne na farko da ya kamata a ga kamun kai a yadda yake taɓa dukiyar jama'a.

Waya, caca, da inda nasiha ba ta isa ba

Matashin yau yana fuskantar abin da mahaifinsa bai fuskanta ba. Manhajojin sada zumunta an gina su ne ta yadda bidiyo ba ya ƙarewa, wani na tafiya wani na shigowa, kuma kamfanonin suna samun kuɗin talla ne gwargwadon lokacin da mutum ya ɓata a kai. Cacar ƙwallo tana aiki da wata tsohuwar dabara da masana suka daɗe da sani, cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi kama zuciya fiye da wanda aka tabbatar. Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama a watan Oktoban 2024, kuma a watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca. Sai dai rufe shago ba ya cire manhajar daga waya. A nan mutum ne zai yi wa kansa abin da hukuma ba za ta iya ba: ya goge manhajar, ya kashe sanarwar da ke kiransa, ya daina zama a majalisar da hirarta ba ta wuce tikiti, ya kuma gaya wa wani da yake jin nauyinsa abin da ya ƙudura.

Akwai kuma matakin da maganar kamun kai ita kaɗai ba ta wadatarwa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabata. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda kodin ko tiramol ya riga ya kama jikinsa, ƙwaƙwalwarsa ta sauya ta yadda barin shan kan zo da ciwon jiki da rashin barci da ruɗewa, kuma ce masa “ka yi wa kanka faɗa” ba ya kawar da wannan. Ɗaure shi da mari ma ba ya yi. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kuma iyaye ne suka kai mafi yawansu da kyakkyawar niyyar a gyara musu hali. Irin wannan mara lafiya likita yake buƙata, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau ta Kano. Bayan an sallame shi ne aikin iyali ke farawa: a raba shi da lungun da yake saye da abokan da yake sha tare da su, a sama masa sana'ar da za ta cika masa yini, kada a damƙa masa kuɗi mai yawa a watannin farko, sannan in ya zame sau ɗaya a mayar da shi wurin likita ba tare da gori ba.